Sati uku da sabon ido na 50mm, ga inda na kai

Salam 'yan uwa masu koyon hoto. Na yi alkawali wancan wata cewa in sabon idon kamarata (wato lens, gilashin da ake ɗaura mata a gaba) ya iso zan ba ku labari, to ya iso, yau sati uku ke nan, kuma gaskiya ya koya mani hankali.

Ga waɗanda ba su sani ba, kamarata Canon 600D ce ta hannu, tsohuwa ce don tun 2011 aka fitar da irinta, kuma tun da na saye ta da idon da ta zo da shi nake fama, wanga na 18-55 da kowa ya sani. Yanzu na ƙaro Canon 50mm f/1.8 STM. Ɗan ƙarami ne, ba nauyi, har maiɗakina ta ɗauka ta juya shi ta ce wannan ɗan marfin kwanon ne ka yi wata huɗu kana ma tari?

Abin da ya fara ruɗa ni shi ne ba ya zuƙowa, ba ya turawa. Ƙafarka ita ce zum. Kuma da yake sensar 600D (ɗan allon da hoto ke sauka a kai a cikin kamara) ƙarama ce, sai ka ninka da 1.6, wato 50 ɗin nan ya koma kamar 80mm, shi ya sa ranar farko da na so in ɗauki yara a ɗaki sai da na manne da bango amma kan mutum biyu kawai suka shiga. Hoton taro a ɗaki ku manta da shi. Amma fa wurin haske babu haɗi, tsohon idon in ka kai shi 55 f/5.6 yake tsayawa, wanga ko f/1.8 (in lambar f ta yi ƙasa, ƙofar idon ta fi buɗewa ke nan), hasken da yake sha ya kusa ninki goma. Bayan magariba na ɗauki mai shayin layinmu a unguwar Mabera nan Sakkwato da hasken ƙwai ɗaya da ke rataye bisa teburinshi, ISO 800 (ISO shi ne ma'aunin yadda kamara ke jin haske), ba filasha, tururin buta ya fito ras, gwangwanayen madara a baya sun narke kamar an shafa masu mai. Na daɗe ina kallon hoton nan.

To daga nan ne giya ta ɗebe ni, komai f/1.8. Na je Kara, kasuwar dabbobi, ranar kasuwa na roƙi wani dattijo mai raguna, na ce Baba don Allah in ɗauke ka hoto, ya yi dariya ya gyara rawani ya ce ɗauka ɗana. A bayan kamara hoto ya yi kyau, sai da na dawo na buɗe a kwamfuta na ga ashe kan hancinshi ne kawai ya fito tsaf, idanu sun dushe. Na zauna na yi lissafi, in kana nisan mita ɗaya da rabi a f/1.8 wurin da zai fito sarai bai wuce santimita 6 ba, ko faɗin tafin hannu bai kai ba. Kuma laifina ne don na bar kamara ta zaɓi inda za ta yi fokas, wato wurin da zai fito sarai, cikin ɗigogi tara da take nunawa in ka leƙa. Yanzu na tsakiya kawai nake kunnawa, in ɗora shi bisa idon mutum, in sa f/2.8. Ranar Sakkwato ma ba ta yarda da 1.8 da tsakar rana, shotar 600D, wato labulen da ke buɗewa haske ya shiga, iyakar saurinta 1/4000 na daƙiƙa ne, ko ka sauke ISO zuwa 100 farar riga ƙonewa take ta zama fili fetal babu ko zare.

Filta kam, gilashin da ake murɗawa a bakin ido, asara na yi. Na sayi 58mm don shi ne na tsohon ido, ashe bakin wanga 49mm ne, kuma an rubuta a jikin marfin, ni ne ban duba ba. Mai buƙata ya yi magana mu yi musaya.

Babban abin da ya ci mani rai ƙura ce. A Karar nan, cikin hazo, shanu na ta tayar da ƙasa, na tsaya na cire ido na sa wani har sau uku, kamara a buɗe baki sama. Kwana biyu bayan nan na tafi gadar Kwalkwalawa da yamma in ɗauki gulbin Rima da masu noman rani, na rufe zuwa f/16, sai ga baƙaƙen ɗigo guda biyar a sararin sama, kowane hoto wuri ɗaya. Na goge ido har na gaji, suna nan. Ashe a kan sensa suke, kuma in ido na buɗe sosai ba ka ganinsu, sai ka matse shi. Gwajin mai sauƙi ne, ka sa f/22 ka ɗauki farin bango ko sama, duk dattin zai fito.

Kada wanda ya hura da baki, yawu zai bi. Wani abokinmu ya ara mani ɗan famfon iskan nan na roba, na cika batir fal don in ya mutu ana cikin aiki madubin da ke gaban sensa zai faɗo, na shiga menu na ɗaga madubin, na kifa kamara baki ƙasa na busa. Huɗu sun tafi, ɗaya ya maƙale a kusurwar hagu ya ƙi motsi. Ban da ƙarfin halin taɓa sensa da tsinken gogewa tukuna, hannuna rawa yake. Yanzu dai a ɗaki nake canza ido, fanka a kashe, kuma in zan hau kabu-kabu sai na naɗe kamarar cikin tsohon rawani sannan ta shiga jaka.

Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu zan koma Kara bayan la'asar, na wanke ma Baba mai raguna hotonshi duk da hancin, ina so in kai mashi in sake roƙon wani. Duk wanda ya taɓa goge sensa da hannunshi ya zo da kayan, ni zan sayi fura.