Wasiƙa daga Guangzhou: kalmar Mandarin ba ta Sinanci ba ce

Assalamu alaikum, 'yan uwa na gida. Gaisuwa mai yawa daga Guangzhou.

Duk ɗan kasuwar da ya sauka garin nan ya ji ana cewa ya nemi tafinta mai jin Mandarin. To, Sinawa kansu a ajin Turanci suke haɗuwa da wannan kalma. Su Putonghua suke kiran harshen, wato maganar gama-gari, a Taiwan kuma Guoyu.

Akwai bayanin da ya yaɗu a bakin ɗaliban Turanci a nan, wai daga "Man daren" ta fito, ma'ana babban mutum ɗan ƙabilar Manchu, wadda ta kafa daular sarauta ta ƙarshe a Sin. Sautin ya yi kama, amma lissafin shekaru ya ƙi. Sai 1644 Manchu suka kama Beijing, kalmar kuwa tana rubuce da Turanci tun 1589, zamanin daular Ming.

Asalinta Indiya ne. A Sanskrit, tsohon harshen Indiya, mantrin shi ne mai ba sarki shawara. Ta shiga harshen Malay ta zama menteri, wadda har yau ita ce minista a Malesiya. Turawan Fotugal suka ci Malaka, birni a Malesiya ta yau, a 1511, suka tsince ta a can, suka mai da ita mandarim, da ma suna da mandar, wato ba da umarni. Da suka iso Sin sai suka laƙaba wa jami'an sarki, waɗanda ke samun muƙami ta hanyar jarrabawa. Ba a tura jami'i lardinsu na haihuwa, don haka dole su sami harshe ɗaya na aiki, guanhua, maganar jami'ai. Ta nan sunan mutum ya koma sunan harshe.

Inda ɗalibi Basine kan yi tuntuɓe shi ne harafin farko. Da babban M harshe ne. Da ƙarami, ko dai lemon nan mai sauƙin ɓarewa, ɗan uwan tanjirin, ko babban ma'aikacin gwamnati. Jaridun Ingila in sun kira manyan Whitehall, wato unguwar ma'aikatun gwamnati a Landan, haka, da ɗan zambo a ciki, ba wai suna jin Sinanci ba ne.

Ku kuma masu saro kaya, harshen gado na Guangzhou Kantonis ne, ko da yake Putonghua za ta kai ku ko'ina a kasuwa. In takarda za a buga muku, kada ku tsaya ga cewa "a rubuta da Mandarin". Ku fayyace: sauƙaƙan haruffa don babban yankin Sin, na gargajiya don Hong Kong da Taiwan.

Wassalam.