Kafin ka sayi kamshaf ɗin tsere

Ƙannena masu sha'awar tada tsofaffin motoci, kamshaf shi ke buɗe bawul, wato ƙofar shigar mai da fitar hayaƙi a injin, ya kuma ƙayyade tsawon lokacin da zai zauna a buɗe. Da digiri ake auna wannan lokaci. A injin MGB, ƙaramar motar Ingila da aka ƙera daga 1962 zuwa 1980, na kamfani bai wuce digiri 250 da ɗoriya ba. Ni kuwa da zumuɗi ya kwashe ni, mai digiri 300 na yi wa tawa MGB ɗin oda, a zatona yawan lamba shi ne yawan ƙarfi.

Ƙarfin yana nan, amma sai injin ya haura juyi 4,000 a minti. Wa ke kai nan tsakanin Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Ƙwaya a cikin Katsina, Keke Napep gaba da baya? A silo motar sai karkarwa, hannun giya na rawa. In zan tashi sai na cika totur ina lallashin kuloci, har ƙaurinsa ya shigo ciki. A hanyar Daura kaɗai take sakin jiki.

Ga dalili. Irin wannan kamshaf kan bar bawul ɗin shigar mai da na fitar hayaƙi a buɗe tare na tsawon lokaci, don haka a ƙaramin juyi ɗanyen fetur kan bi salansa. Kuma bawul ɗin shiga yana makara wajen rufewa, matsin silinda ya ragu. Maganinsa a kankare tof, wato murfin saman silinda, don matsi ya ƙaru. To amma ƙarin matsi, ga zafin Afrilu a Katsina, ga fetur ɗin da ba ka san ingancinsa ba, fistan ne zai ji a jikinsa.

Motar yawo cikin gari, mai digiri 270 ya ishe ta. Ka sa bakanike ya auna ko sifirin bawul zai ɗauki tsayin ɗagawar ba tare da ya haɗe ba, a kuma sake saita kafireto.

Kada ka ɗora sabon kamshaf kan tsofaffin tafet, wato ƙarafan da kamshaf ke turawa su ɗaga bawul, don tsimin kuɗi, cinye shi za su yi. Ka zuba baƙin mai mai sinadarin zinki, kuma tashin farko ka riƙe injin a juyi 2,000 zuwa 2,500 na minti 20, kada ka bar shi a silo.