Wasiƙa daga Los Anjeles: mai bin rana da alli

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Lafiya ƙalau nake, ina fata ku ma haka. Kuna ta tambayata kuɗin haya da batun takardun zama, zan zo kansu. Amma ku bar ni in fara da abin da ya tsaya mini a rai.

A nan, da la'asar sakaliya mutane sukan cika bakin teku a Santa Monika don kawai su kalli faɗuwar rana. Mu kuwa da almuru ake kiran yara su shiga gida. Wannan kallo nasu ne ya sa na san labarin wani mai zane, Theodore Lukits. An haife shi a 1897 a garin Timishowara, wanda yanzu yake Romaniya, ya yi karatun zane a Cikago, ya ƙaura zuwa Los Anjeles a 1921, ya buɗe makarantarsa a 1924. Hotunan 'yan fim na Holiwud ne suka fito da sunansa, amma ni ƙananan zane-zanen da ya yi a fili, gaban teku, su ne suka tafi da hankalina.

Da allin launi ya yi su, wanda ake kira fastel. Dalili kuwa a bayyane yake. Ja da ruwan goro na sararin sama ba sa jiran kowa, kafin ka dama fentin mai sun riga sun koma toka-toka, shi kuma fentin sai ya kwana biyu bai bushe ba. Alli ba damawa, ba jiran bushewa: ka goga a takarda, ka murza da yatsa, ka ɗauki na gaba. Idan ka matso kusa da zanen za ka ga garin launin zaune a kan takardar, har da wurin da hannunsa ya yi sauri. Shi ya sa ake rufe su da gilashi, taɓawa ɗaya ta isa ta ɓata aikin.

Sannan ga sanyi! Kada hotunan bishiyoyin giginyarsu su ruɗe ku. Ruwan tekun Fasifik a nan sanyi gare shi ko da bazara, rana tana nutsewa iska za ta taso ta ratsa riga, yatsu su ƙage. A watan Mayu da Yuni kuma hazo yakan rufe gaɓar, ka zo ka koma ba ka ga rana ba. Wallahi ina jinjina wa mutumin da ya zauna cikin wannan iska yana zaɓen launi.

Jar ranar hunturu da ke faɗuwa bayan Dala ba ta gaza tasu ba. In yaronku yana zane a bayan littafinsa, ku saya masa allin launi da takarda mai kauri, ku bar shi ya zauna a ƙofar gida kafin kiran magariba.

Haya kam da tsada. Takardu kuma sai wasiƙa ta gaba, in sha Allah. A gaida su Hajiya da yara.