Sufeto Huɗu da Haƙoran Yara: Abin da Masaƙun Ingila Suka Koya Mini

Juyin masana'antu na cikin darussan tarihi da nake koyarwa kowace shekara, kuma a littafin ɗalibai bai wuce 'yan shafuka ba: injin tururi, masaƙun auduga na Manchester, sai jerin shekarun da aka yi dokokin hana bautar da yara. Ɗalibi ya haddace 1802, 1819, 1833, 1842, ya ci jarrabawa ya yi gaba. Ni kuwa da na ɗauki kowace doka ina bin sawunta don in ga me ya faru bayan an sa mata hannu, sai na tarar ainihin darasin yana tsakanin shekarun nan, inda littafin ya tsallake.

Dokar 1802, Sir Robert Peel ne ya kawo ta majalisa, shi kansa mai masaƙa, mahaifin Peel ɗin da ya zama firaminista. Masaƙun farko ruwa ke juya su, saboda haka a bakin koguna aka gina su, nesa da jama'a. Rashin ma'aikata ya sa masu su suka riƙa kwaso marayu da 'ya'yan marasa galihu daga gidajen matalauta na Landan da Liverpool, da sunan koyon sana'a, wani sai ya kai shekara 21 kafin a sake shi. Dokar ta ce kada aikinsu ya wuce awa 12, a hana su aikin dare, a koya musu karatu da rubutu da lissafi, kada a kwantar da fiye da biyu a gado ɗaya. A takarda ba ta da makusa. To wa zai duba? Aka ce alƙali ɗaya da limamin coci ɗaya su riƙa leƙawa, a kyauta. Alƙalin nan kuwa sau da yawa abokin cin tuwon mai masaƙa ne. Sai doka ta kwanta. Ta 1819, wadda Robert Owen, mai masaƙa a New Lanark ta Scotland, ya yi ta faɗi-tashi a kanta, ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 9 ba a masaƙar auduga, ita ma haka ta kwanta, don babu wanda aka biya ya tashe ta.

Ina son ɗalibai su ga aikin da idon zuci kafin mu koma kan doka. Injin kaɗi doguwar na'ura ce mai ɗaruruwan mazarai, ɓangarenta ɗaya yana tafiya a kan ƙafafun ƙarfe, ya yi gaba ya dawo, ba tsayawa. Ƙananan yara su ke rarrafawa ƙarƙashinsa suna share burbushin auduga alhali yana aiki. Yaro ya yi jinkirin daƙiƙa guda, ya bar yatsa ko gashin kai a ciki. Waɗanda suka ɗan tasa su ne masu ɗaura zare in ya tsinke, suna bin injin da ƙafa daga asuba har dare, cikin zafi da ƙurar da ke cika ƙirji. Mai gyangyaɗi, bulalar fata ke farkar da shi. Irin wannan bayani ne ya cika shaidun da kwamitin majalisa na Michael Sadler ya saurara a 1832, shekara biyu bayan Richard Oastler ya rubuta wa wata jarida a Leeds cewa masu kukan bayin ƙasashen waje su waiga su ga bautar da ke ƙofar gidansu a Yorkshire.

Dokar 1833 ba ta fi na baya daɗin magana ba. Ƙasa da shekara 9 babu aiki. Daga 9 zuwa 13 awa 48 a mako da karatun awa biyu kullum. Daga 13 zuwa 18 awa 12 a rana. Duk wanda bai kai 18 ba, ba shi ba aikin dare. Abin da ya bambanta ta shi ne sufetoci masu albashi, masu ikon shiga masaƙa ba sallama su kai ƙara. Mutum huɗu ne kacal, ga masaƙu dubbai a Ingila da Scotland da Ireland. Duk da haka daga kansu ne mai masaƙa ya fara sanin cewa wata rana baƙo zai iya faɗowa.

Nan suka yi karo da abin da ya fi tsaya mini a rai: ta yaya za a san shekarun yaro? Gwamnati ba ta fara rajistar haihuwa a Ingila ba sai 1837. Doka ta ce likita ya dubi yaro ya ba da takarda cewa yana da ƙira da ƙarfin ɗan shekara 9. Likitan nan a garin yake zaune, da masaƙar yake ci. Uwa ta tura babban wa ya karɓo takarda, ƙane ya shiga aiki da ita. Sufetoci irin su Leonard Horner suka gwada awon tsayi, har wani likitan haƙori ya kawo shawarar a riƙa buɗe bakin yaro a ƙirga haƙoran da ya sake, kamar yadda dillali ke yi wa sa a kara. Duk lokacin da na faɗi wannan a aji sai an yi dariya, dariyar kuma takan tsaya idan na tambayi masu takardar haihuwa ta asali, ba ta rantsuwar kotu ba, su ɗaga hannu.

Karatun awa biyun ma haka. Mai masaƙa ya ware wani lungu kusa da tukunyar injin, ya ɗora duk wanda ya samu a matsayin malami. Sufetoci sun ga takardun halartar makaranta da "malamin" ya yi wa alamar gicciye, don bai iya rubuta sunansa ba.

Dokar masaƙa ba ta shafi ramukan kwal ba. A ranar 4 ga Yuli, 1838, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a Silkstone, kusa da Barnsley, rafi ya cika ya kwararo cikin mahaƙar Huskar ta hanyar da yara ke ƙoƙarin fita. Yara 26 suka mutu, masu shekara 7 zuwa 17. Wani ɗan majalisa, Lord Ashley, ya matsa aka kafa hukumar bincike, rahotonta ya fito a 1842 har da zane-zanen yara suna jan amalanken kwal a rarrafe, da sarƙa ɗaure a ƙugu. Mafi ƙanƙanta su ne masu gadin ƙofar iska: yaro ya zauna shi kaɗai cikin duhu wajen awa 12, igiya a hannu, in ya ji amalanke ya ja ƙofa ta buɗe, ya wuce ya rufe. Wata yarinya 'yar shekara 8, Sarah Gooder, ta gaya wa masu binciken cewa takan yi waƙa in tana da fitila, amma a duhu ba ta iyawa don tsoro. A shekarar aka hana mata da 'yan mata shiga rami, da yara maza 'yan ƙasa da 10. Mai dubawa kuwa mutum ɗaya tal aka naɗa. Mata da yawa suka sa kayan maza suka ci gaba da sauka, don gida ba abinci.

Wannan ne wurin da ɗalibai ke so in ba su mugu guda ɗaya su tsine masa, ni kuma na ƙi. Masu masana'antu sun yi zalunci, ba musu. Amma uban da ya ƙara wa ɗansa shekara ba ƙiyayya ce ta sa shi ba. Ladan yaron ne ke cike kuɗin haya. A ganina duk dokar da ta fitar da yaro daga aiki ba ta tanadi inda zai je da abin da gidansu zai ci ba, rabin doka ce. A Ingila sai 1880 aka tilasta zuwa makaranta ga 'yan shekara 5 zuwa 10, sai 1891 aka ɗauke wa yawancin iyaye kuɗin makaranta, a lokacin kuma albashin manya ya ɗan ɗaga.

Mu ma ba mu rasa rubutu ba. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta hana ɗaukar yaron da bai kai 12 ba, in ban da aiki mara nauyi a cikin dangi, ta hana 'yan ƙasa da 15 aikin masana'anta, 'yan ƙasa da 16 shiga rami. Ga dokar 'yancin yara ta 2003, ga ta ilimin bai-ɗaya kyauta kuma dole ta 2004, ga yarjejeniyoyin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya masu lamba 138 da 182, kan mafi ƙarancin shekarun fara aiki da kuma mafi munin bautar da yara, da ƙasar ta amince da su a 2002. Sai dai yaronmu ba a babbar masana'anta mai ƙofa ɗaya yake ba. Yana wurin fasa dutse, yana bakin ramin zinare, yarinya tana aikatau a bayan katangar da sufeto ba shi da hurumin shiga. Koyon sana'a a hannun uba ko ubangida tarbiyya ce, ban haɗa ta da wannan ba. Tambayoyina uku ne kawai idan na ga yaro a gareji: awa nawa yake yi, yana zuwa makaranta, kuma in ya ji ciwo wa ke biya?

Ingilar ma ba ta gama da wuri ba. Dokar 1844 ta kawo tsarin rabin yini, yaro ya yi awa shida da rabi a masaƙa, sauran a aji, har ta rage shekarun shiga aiki daga 9 zuwa 8. Yaran da suka fito aikin safe sukan kifa kai a benci su yi barci, auduga maƙale a gashinsu. Tsarin ya daɗe a Lancashire, yankin masaƙun auduga, har dokar ilimi ta 1918 ta soke shi, kuma cikin waɗanda suka fi tsayawa a kan a bar shi har da ma'aikatan masaƙun da kansu, waɗanda su ma da rabin yinin suka fara.