Kunnen doki a Giginya

Ni ba ɗan wasa ba ne. Aikina a ƙungiyar ƙwallon kwalejinmu riƙon jesi ne da ruwa da akwatin magani, amma duk inda bas ta nufa ina ciki. Wasanmu na ƙarshe a kakar bana ya faɗo Sakkwato, kuma a watan Afrilu, lokacin da ko ƙadangare neman inuwa yake yi.

Direba ya ƙi barin Zariya sai da gari ya waye tangaran. Ya ce hanyar Funtuwa zuwa Tsafe yanzu ba a yi mata sammako, ba a yi mata dare, kuma ba wanda ya musa. A Gusau muka karya da shayi da burodi, muka wuce Maru, Talatar Mafara, Tureta. Kafin mu kai Shuni ruwan da na sayo da ƙanƙara ya koma kamar na wankan jego.

A hanya koci ya yi ta juya lissafi a bayan wata tsohuwar takardar jarrabawa. Wasa takwas, mun ci huɗu, canjaras biyu, an doke mu biyu. Ba laifi ga ƙungiyar da jarrabawa ta ɗauke mata 'yan baya biyu a tsakiyar kaka, takalma kuwa sai da aka yi karo-karo. Amma in ba nasara muka yi ba, babu zagaye na gaba.

Golanmu Basakkwace ne, shi ya ja mu Hubbare da yamma, inda kabarin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yake, wanda ya rasu a 1817. Yaran da suka cika mana kunne da waƙa tun daga Funtuwa, suna tuɓe takalma kowa ya yi tsit. Daga nan muka bi lungu zuwa gidan kakar golan. Tsohuwa ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Kai wanga yaro, karatu munka tura ka ko tamola?" Ya durƙusa ya ce, "Inna, duka biyun." Ta sa aka dama mana fura da nono ƙwarya uku. Koci ya so hanawa saboda wasan gobe, sai ga shi da ludayi a hannu.

Filin wasa na Giginya ya samo sunansa daga wurin da mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka tari Turawa a watan Maris na 1903. Wani dattijo mai sayar da rake a bakin ƙofa ne ya tuna mini, yana dariya, wai nan ba a saba barin baƙo ya tafi da sauƙi ba.

An busa usur bayan la'asar, amma rana ba ta san an yi la'asar ba. Masu masaukinmu suna gudu kamar a hunturu, namu kuwa minti ashirin harshe ya fito. Suka zura mana ɗaya kafin hutun rabin lokaci. Da aka dawo kyaftin ya farke da ka daga bugun kwana. Saura minti biyar alƙalin wasa ya ba su fenariti, kuma gaskiya fenariti ce, ɗan bayanmu ya sa hannu. Gola ya faɗi dama ya ture ta. 'Yan kallo suka rasa abin yi, ɗansu ne ya hana su ci. Wani daga sama ya yi ihu, "Ɗan gida, ka ci amana!" fili ya ɗauki dariya.

Ɗaya da ɗaya aka tashi. Bai ishe mu ba.

Washegari direba ya cusa buhun albasa biyu a bayan bas, muka sha warinta har Zariya. Koci ya sake fito da takardarsa, wannan karon yana ƙirga masu kammala karatu. Shida ne, har da gola, wanda ya yi barcinsa tun daga Shuni da gorar furar Inna a cinya.