Godiya gare ku, 'yan uwana na tsakiya

Assalamu alaikum. Jiya muka rufe zangon farko na zamanmu na koyo daga juna, mu masu riƙe sashe a aikin matasa, wata tara cur, kuma da aka ce kowa ya faɗi abin da ke ransa wallahi muryata ƙin fita ta yi, shi ya sa na zo nan in rubuta.

Wanda bai taɓa riƙe sashe a aikin matasa ba ba zai gane tsaka mai wuyar da muke ciki ba. Sama oga na jiran rahoto da lissafi, ƙasa ma'aikata da 'yan sa kai suna jiran ki share musu hawaye, ga yaran su kuma ba ruwansu da bajet, su dai su zo su tarar da ƙofa a buɗe. Ni an ɗaga ni ne saboda na iya zama da matasa, amma ba wanda ya koya min yadda ake tsara kasafi, ko yadda zan zaunar da wadda jiya-jiya ƙawata ce in ce mata aikinki da gyara.

Sai ga jarabawa ta zo a jere. Cikin wata biyu ma'aikata biyu suka ajiye aiki, aka rage mana kuɗi, sannan wata yamma ana shirin tashi wata yarinya 'yar shekara 16 ta faɗa wa sabuwar ma'aikaciyata abin da ake mata a gida, ita kuma saboda tausayi ta yi mata alkawarin ba wanda zai ji. Na san ƙa'ida sarai, ba a yi wa yaro alkawarin rufe irin wannan magana, a rubuta kalamansa yadda ya faɗe su ba ƙari, a miƙa wa jami'in da ke kula da kare yara a ranar. Mun yi hakan. Amma fuskar yarinyar da muka ce mata dole maganar ta wuce gaba, da kukan ma'aikaciyata a bayan ƙofar ofis, su suka hana ni barci makonni. Har takardar ajiye aiki na buga na adana a waya.

A haka na shigo cikinku, mu shida, kowa daga wata cibiyar daban. Tsarin ya ba ni mamaki da farko: mutum ɗaya ya kawo matsalarsa, a ba shi minti talatin, saura ba nasiha ba "da ni ce", tambaya kawai. Mai horar da mu ta ce wani ɗan Ingila, Reg Revans, shi ya fara wannan salo da manajojin ma'adinan kwal tun shekarun 1940, su riƙa koyo daga junansu a kan matsalar da ke gabansu. Ranar da layi ya zo kaina na yi ta zuba, na zuba na zuba, sai Yaya babba ta dube ni ta ce, "Ƙanwata, ke kina sauraron kowa, ke wa yake sauraronki?" Ban da amsa. Kuka na yi, kuma ba wanda ya katse ni ko ya duba agogo.

Yaya, Allah ya saka miki da alheri, har da kiran da kika yi min ƙarfe goma na dare don kawai ki ji ko na isa gida lafiya. Malam, na gode da ka zauna da ni awa biyu kan teburin kasafi layi bayan layi har na gane inda kuɗin sufuri ke zurarewa, ba ka taɓa nuna min gajiya ba. Ƙanina autanmu, fom ɗin zaman duba aiki da ka turo a gurup shi nake amfani da shi yanzu, kowane ma'aikaci na da awa ɗaya da ni duk wata, waya a kashe, ƙofa a rufe. Ku biyun da kuka raka ni atisayen maganar da zan yi da oga, ɗaya ya zama oga ɗaya yana rubuta inda nake kame-kame, na je na faɗa kuma an ƙara mana mutum ɗaya.

Mai horar da mu ma na gode, ke kika nuna min cewa tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince wannan ƙonewar da gajiyar aiki ke jawowa aba ce da ke tasowa daga wurin aiki, ba lalaci ba ne. Na daɗe ina zargin kaina a banza.

Ma'aikaciyata tana nan ba ta tafi ba, ita ce ma yanzu take koya wa sababbi yadda ake karɓar irin wannan magana. Yarinyar kuma tana hannun waɗanda suka dace, satin da ya wuce ta leƙo ta gaishe mu. Takardar ajiye aikin nan na goge ta.

Allah ya bar zumunci, ya ba kowa ladan abin da ya yi. Zango na biyu ni ce mai riƙe lokaci, kuma dan Allah a ƙara kujera ɗaya, akwai wata da aka ɗaga watan jiya zan zo da ita.