Na je Turoy, na dawo da haushin abin da aka yi wa Hekta

Sarin kaya ne ya kai ni Istanbul. Da aka ce ɗaurin kayana sai bayan kwana uku, sai na hau motar dare zuwa Canakkale, daga nan ƙaramar bas ta kai ni Turoy, kangon tsohon garin da labarin Girkawan da ya ce an yi masa ƙawanya, tafiyar kamar kilomita 30.

Ƙanƙantar wurin ce ta fara ba ni mamaki. Wanda ya tashi yana ganin badalar Kano zai tsaya yana tambaya, wai nan ne aka yi yaƙin shekara 10? Tudu ne guda, ana ce masa Hisarlik, gari tara a danne kan juna. Ga ƙaton ramin da wani Bajamushe mai haƙar kayan tarihi, Schliemann, ya tsaga tun wajen 1871, garin gaggawa ya rushe abubuwa da yawa. Kuɗin shiga kuwa, na baƙo ya yi tsada ƙwarai.

A kan tudun na haɗu da wani dattijo, tsohon malamin makaranta. Ya nuna min filin da ya miƙe har teku, da kogin Karamenderes wanda a Iliyad, tsohuwar waƙar yaƙin Turoy, ya yi ambaliya don ya cinye Akilis, gwarzon Girkawa, sannan ya yi nuni wajen tsaunin Kaz, wato Ida, inda Homa, mai waƙar, ya ce Ziyus, babban gunkinsu, kan zauna yana kallon yaƙin. Na ce, "Baba, to a waƙar nan mutane ne ke yaƙi ko gumakansu?" Ya ce in dubi mutuwar Hekta, gwarzon Turoy.

Na san labarin, amma jin sa a gindin ganuwar daban ne. Akilis ya biyo Hekta da gudu, suka kewaya gari sau uku. Ziyus ya ɗora su a ma'auni, na Hekta ya yi ƙasa, gunki Afolo da ke dafa masa ya janye. Sai gunkiya Atina, mai goyon Girkawa, ta rikiɗe ta zama ɗan'uwan Hekta, ta ce ya tsaya su tare Akilis tare. Akilis ya jefa mashi ya kuskure, ta ɗauko ta mayar masa a ɓoye. Hekta ya jefa nasa, garkuwa ta tare, ya waiwaya a miƙo masa wani, babu kowa. Wallahi raina ya ɓaci. Wannan ai cin amana ce! Mu da muka yi imani ƙaddara daga Allah ɗaya take, kuma ba ya zaluntar bawa, abin nan ba ya shiga kanmu. Su nasu gumakan zaman kishiyoyi suke yi, kowa da ɗan lelensa, ana ramuwar gayya a kan 'ya'yan mutane. Abin da ya tsaya min shi ne, da Hekta ya gane an yaudare shi, bai sake gudu ba. Takobi ya zare ya yi kan Akilis.

Dattijon ya ja ni ƙauyen Tevfikiye, ya saya min shayi har kofi uku, ya hana ni taɓa aljihu. Kofunan dai ƙanana ne, mai shayin unguwarmu ba zai yarda ya miƙa wa mutum irinsu ba.

A bakin ruwan Canakkale na ga ƙaton dokin da aka yi amfani da shi a fim ɗin yaƙin Turoy na 2004. Na taya ƙaramin doki na tsaraba, mai kanti ya ɗaure fuska, na bar masa abinsa. Washegari na iske kayana a ɗaure.